Ɗalibin Bencin Baya

'Yan uwa masu bin labarina, ku gyara zama, yau aji zan kai ku. Wanda bai san ni ba, sunana Hamdiya, ɗiyar Malam Na'Allah mai awon hatsi a kasuwar Gidan Rumji. Na yi karatun kwamfuta a Maradi, abin da mu nan muke ce wa ordinata, na dawo gida da takardata ina jin kaina. Abin da zan ba ku ya faru ne a farkon 2011, lokacin da sojoji ke shirin miƙa mulki. An yi zagayen farko na zaɓe, ana jiran na biyu, gari ya cika da motoci masu lasifika da mata masu ankon jam'iyya. A gidanmu kuwa zaɓe ɗaya ake magana, na mijin Hamdiya.

Mai jan ragamar maganar ita ce Gwaggo Dija, yayar Babana. Ta baro Tibiri da cewa ziyara ta kawo mana, ga shi har ta san inda Inna ke ɓoye daddawa. Wanda take so na aura kuwa Mas'ud ne, ɗan ƙawarta, mai fataucin aya daga Gazawa, yana da sito a bayan tashar garinmu.

Ba zan yi masa ƙarya ba, Mas'ud ba shi da makusa. Dogo ne, baƙi, kullum cikin shadda mai guga da hula ƙube. Matsalarsa ɗaya: ba ya magana. In ya zo zance sai ya zauna a tabarmar zaure, ya gaishe ni, ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, daga nan sai ya koma kallon yatsun ƙafarsa. Saƙonsa a salula ma haka yake. Da safe: "Malama ina kwana. Mas'ud ne." Da yamma: "Malama ina wuni. Mas'ud ne." Kamar wani ya ce masa ban adana lambarsa ba. Ni da na ga samarin Maradi masu zuba kalamai, me zan yi da wannan?

Hankalina duk yana lakol, wato makarantar garinmu. Wata ƙungiyar 'yan garinmu mazauna waje ta aiko da tsofaffin kwamfutoci, darakta Mushe Adama ya ba ni wani ɗaki a ƙarshen gini, ya ce in an tashi darasi na riƙa koya wa manyan ɗalibai. Ni kuma na ce ba buga wasiƙa kawai za su koya ba, shafin intanet za su gina da hannunsu.

Wata safiya ina ɗaura kallabi gaban madubi Gwaggo ta leƙo.

"Wai mi kike koya ma ɗiyan mutane da ba ki da lokacin zama gida?"

"Gina shafi, Gwaggo."

"Gini? Ina hilin? Wa ya ba ki bulo?"

"A cikin ordinata ake gina shi. In an gama, mutum ko yana Makka zai iya gani."

Ta taɓe baki. "Gidan da ba a kwana cikinai, mi amfaninai? Ke dai ki gina naki tukuna. Sa'o'inki duk sun yi ɗiya biyu."

Inna tana bakin murhu. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta kira, balle ta sa baki a maganar aurena. Amma na ga kafaɗarta na motsi, dariya take dannewa.

Ranar darasin farko ba zan manta da ita ba. Yara uku-uku kan kowace na'ura, suna zaune kamar an kawo su gaban alƙali. Na sa suka buɗe farin fili na rubutu, na nuna musu yadda ake sa umarni tsakanin alamomin nan biyu masu kama da bakin tsuntsu. Doka ɗaya na kafa musu: duk umarnin da ka buɗe, ka rufe shi, kamar tukunya da murfinta.

Akwai Asma'u, 'yar Cadakori, wadda ke zaune gidan kawunta saboda karatu. Ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba. Da yatsa ɗaya take neman baƙaƙe, tana cije leɓe, har ta rubuta "Sannu da zuwa Cadakori". Muka adana, na ce ta danna. Sai ga rubutun ya fito manya-manya a saman allo. Ta janye hannuwanta ta ɓoye cikin hijabi.

"Madam, ni na yi wannan?"

"Ke kika yi."

"Ba ke kika taɓa wani abu ba?"

"Hannuna na baya, kina gani."

Ta daɗe tana kallon sunan garinsu. Shi kuwa Bakari, ɗan Fulanin Sae Sabuwa, da ya gano yadda ake canza launi sai ya mai da shafinsa ja jawur, rubutu kuma kore shar, har idona na hawaye. Na ce ya rage. Ya ce a'a, so yake a hango shi daga nesa. Daga ranar muka yanke shawara: shafi ɗaya za mu gina na yankinmu, kowa ya rubuta garinsu.

Muna cikin wannan daɗi Mushe Adama ya kira ni buro, wato ofishinsa. Ya ce masu shirya zaɓe za su karɓi ɗakina su ajiye akwatunan ƙuri'a, wannan dole ne. Abin da ya fi damunsa shi ne bayan zaɓe. Iyayen yara na cewa wasa muke yi da talabijin, gara a mai da ɗakin aji tunda ƙananan azuzuwa sun cika.

"Ranar Asabar ta sama kwamitin iyaye zai zauna," in ji shi. "In kina da abin nunawa, ki nuna. In babu, Madam, ba ni da bakin kare ki."

Na fito ina tunanin abin da zan nuna musu. Lakol ba ta da intanet, kuran kuma, wato wutar lantarki, sai ya ga dama yake zuwa. Da wannan zuciyar na isa gida na tarar da takalman Mas'ud a ƙofar zaure. Gwaggo ta tura ni da lemu a faranti, ta fesa mini turarenta mai hawa kai. Ya gaishe ni, ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, ya koma ga yatsunsa. Raina ya ɓaci.

"Malam Mas'ud, ka yi haƙuri, ni kwanakin nan ba ni da lokacin zance."

"To. Wa ke da lokacinki, Malama?"

"Ɗalibaina."

Ya jinjina kai, ya ce lafiya dai ko. Ban san me ya sa ba, na zazzage masa komai, kuran da intanet da kwamitin iyaye. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya kawo mafita, ya sa takalmi ya tafi. Na ce a raina shi ke nan, na huta.

Washegari ina shiga aji na ji yara na ƙus-ƙus. Can bencin baya, ga mutum zaune da shadda ruwan ƙasa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. A waje kuma ga ƙaramin injin wuta an sauke daga motarsa. Na juya wajen Mushe Adama da ke tsaye bakin ƙofa.

"Ya ce karatu yake so," ya ce, yana kallon sama. "Ni kuwa ban iya korar ɗalibin da ya zo da inji ba."

'Yan uwa, na so na yi fushi, dariya ta hana ni. Na ce to, a ajina babu babba babu yaro. Mas'ud ya ce ya yarda.

Kuma ya yarda ɗin. Kafin ya taɓa na'ura sai ya wanke hannu da butar da ya zo da ita. Yatsunsa manya, in ya danna baƙi ɗaya biyu ke fitowa. Bakari ya zama malaminsa, yana ce masa "Ba nan ba, Kawu", shi kuma ya ce "To, nuna mini." Bai taɓa ƙwace wa yaro layi ba. Da muka rasa hotuna, shi ya ce salularsa na ɗauka. Ranar kasuwar Cadakori ya biya ya ɗauko mahaifiyar Asma'u zaune gaban farantin ƙuli-ƙulinta, ya bi ta Sae Sabuwa ya ɗauko shanun su Bakari a bakin rijiya. Har wata tsohuwar kwamfutar hannu ya samo a Maradi don ya riƙa bita a sito.

Saƙonninsa ma suka canza. Ina tsinke zogale da Inna sai salula ta yi ƙara.

"Malama hoton aya ya ƙi fitowa. Mas'ud ne."

"Duba sunan hoton. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wajen ordinata."

Jim kaɗan: "Ya fito. Ashe ita ma tana da tsiya irin ta masu awo."

Na yi dariya ni kaɗai. Kafin na ajiye wani ya shigo: "Kin ci abinci? Na ga tun rana ruwa kawai kika sha."

Na tsaya ina kallon wannan saƙo har zogalen ya zube daga cinyata. Inna ta ɗago ta dube ni, ta mai da kai ga aikinta. Ni dai na ce wa kaina tausayi ne irin na ɗalibi da malamarsa. Ku kun yarda? Ni ma ban yarda ba, amma haka na bar shi.

Ana jibi taro ya kwashe mu a motarsa, ni da Asma'u da Bakari, zuwa wani shagon intanet a Maradi. Layin kamar tafiyar jaki da kaya, hoto ɗaya sai mun gaji da jira. Amma kafin la'asar shafinmu ya hau, da adireshinsa da komai. Asma'u ta aika wa yayanta Mudi adireshin ta salulata. Shi yana Kwatano yana aiki a tashar jirgin ruwa, ya yi shekaru bai zo gida ba. Mas'ud kuma ya aro ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta ta kama intanet, don ranar taro.

Ranar Asabar na saka atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, da farin mayafi, ga lallen da na ƙunsa ya kama ja. Gwaggo ta yafa babban gyalenta na zuwa biki ta ce sai ta ga ginin nan da idonta. Iyaye suka cika benci. Mahaifiyar Asma'u ma ta zo daga Cadakori a bayan babur, ta rakuɓe a lungu. Injin Mas'ud na ta ruri a waje.

Yara suka nuna shafinsu ɗaya bayan ɗaya, ga kasuwa, ga rijiya, ga gonakin gero. Shugaban kwamiti, Alhaji Sha'ibu, ya gyara gilashi ya leƙa allo.

"To, Madam, mun gani. Amma wanga ai hoto ne da rubutu. Mai hoto na bakin tasha ma shina yin haka."

Aka yi ta gyaɗa kai. Kafin na haɗa amsa Asma'u ta miƙe.

"Baba Alhaji, a ba ni izini in kira yayana."

Na ba ta salula, ta buɗe murya kowa na ji. Mudi ya ɗauka, ana jin hayaniyar birni a bayansa. Ya ce yana shagon intanet tun ɗazu yana jira.

"Yaya, ka buɗe?"

"Na buɗe. Ga Cadakori nan. Ga itacen bakin kasuwa." Sai ya ɗaga murya. "Asma'u, ga Inna nan da farantinta. Tana kusa?"

Aka turo tsohuwar gaba, tana ta jan mayafi.

"Mudi, da gaske kana ganina?"

"Ina ganinki, Inna. Zanen da na aiko miki da Salla ne kika ɗaura zuwa kasuwa? Na ce ki ajiye na biki ne."

Ɗakin ya fashe da dariya. Ita ma tana dariya, hawaye na bin kumatunta, tana cewa yaron nan bai canza ba. Mudi ya ce ta ɗan rame, ta ce ƙarya ne, hoton ne. Ya ce zai sa a buga masa shi a takarda ya manna a ɗakinsa.

Alhaji Sha'ibu ya cire gilashin ya goge. Ya tambaya ko ɗansa da ke Agadas ma zai iya gani. Bakari ya ce ko ina yake, in dai akwai intanet. Alhaji ya dubi sauran iyaye, ya ce a ganinsa in an kwashe akwatunan zaɓe a mayar wa yaran nan ɗakinsu. Babu wanda ya musa. Na ji kamar na taka rawa a gaban kowa.

Da a nan aka tashi, da lafiya lau. Sai Mushe Adama ya ce saura babban ɗalibi. Mas'ud ya taso ya buɗe shafin ayarsa. Ashe da safe ya ƙara wani abu cikin sauri. Shafin gaba ɗaya ya fito da baƙaƙe ƙattai, kalma biyu sun cika allo. Ni kuma baki ya riga tunani, na yi magana yadda na saba a aji.

"Malam Mas'ud, ka buɗe ba ka rufe ba. Sau nawa zan faɗa?"

Aka sake kwashewa da dariya, har da masu tafi. Ya yi murmushi, ya ce "Afuwa, Malama", ya gyara da yatsa ɗaya, shafin ya daidaita. Na lura Gwaggo ba ta yi dariya ba.

Ana watsewa Mushe Adama ya matso, ga iyaye biyu-uku a tsaye kusa.

"Madam, wanga ɗalibi naki, yaushe za mu sha biki?"

Kunya ta rufe ni. "Haba Mushe. Ɗalibina ne kawai, babu wani abu."

Ina juyawa na gan shi a bayana yana naɗe wayar inji. Bai ɗago ba. Ya gama naɗewa, ya yi wa kowa sallama, ya tafi. Na ce zan tura masa saƙo in na isa gida. Na tsaya da yara muna tattara kwamfutoci muna kai su buron darakta, ban fito ba sai da rana ta yi ƙasa.

Na tarar da Baba a kujerarsa ta tsakar gida, rediyo a kunne yana jin labarin zaɓe. Inna na kwashe tuwo. Gwaggo ko gyalen ba ta cire ba, da alama ni take jira.

"Yawwa, ga ta nan. Malam, ni na janye. Wanga yaro ba miji ba ne. Ƙato da shi ya zauna bencin yara, mace na yi mai tsawa gaban mutane shina cewa ahuwa. Gobe in an yi aure shi za ya yi wanke-wanke. Akwai ɗan wani ɗan'uwan mijina a Tibiri, jandarma ne mai kaki, shi za ni kawo."

Ban san lokacin da na ajiye jakata ba.

"Gwaggo, ba tsawa na yi masa ba, gyara ne, kuma ya karɓa don ya san ya yi kuskure. Maza nawa za su iya haka? Wa ya kawo inji? Wa ya bi ƙauyuka cikin rana yana ɗauko hotuna? Bai taɓa ce mini na bar aikina ba, shigowa ya yi ya taya ni. Ni ba na son jandarma. Shi nake so."

Sai da maganar ta fita na tuna gaban wa nake. Inna ta tsaya da mara a hannu. Na rufe fuska da mayafi, ina roƙon ƙasa ta buɗe. Baba ya rage muryar rediyo a hankali.

"Hamdiya."

"Na'am, Baba."

"Wannan magana, shi kin taɓa gaya masa?"

Na girgiza kai.

"To, ai kuwa ya zo nan bayan la'asar. Ya durƙusa inda kike tsaye. Ya ce ya ji da kunnensa matsayinsa a wajenki, kuma ba ya so a matsa miki saboda shi, don haka ya janye. Ya ce karatun da kika ba shi ma ya gode. Siton nan zai bar wa ƙanensa, shi yana sallar Magariba zai kama hanyar Gazawa."

Na lalubo salula, na kira shi. A kashe. Na sake kira, a kashe. Na zauna daɓas a kan turmi, hawaye suka zubo, ni da na fita da safe ina taƙama da atamfa.

Gwaggo ta dube ni, ta dubi Baba, ta dubi sama inda rana ta riga ta faɗi. Ta ja tsaki, ta ɗaure gyalenta a ƙugu.

"Ke, share ido ki tashi. Ni na kawo shi garin ga, ba shi barinai sai na ce."

"Yaya, ba yanzu kika ce ba miji ba ne?" in ji Baba.

"Na hwaɗa. Ni za ni zauna da shi?"

Ta fizgi hannuna muka fita, Inna na biyo mu da takalmina ɗaya da ya zame. Muna karya kwanar masallacin unguwa muka ga mutane na fitowa, ashe har an sallame. Can ƙarshen layi, bayan tasha, na hango motar Mas'ud, an gama ɗaure buhuna, fitilun baya sun kama ja.

Gwaggo ta tsaya tana haki, ta dafa bango, ta tura ni gaba.

"Ke ce yarinya. Ruga."